Gidan Bakin Ruwa: Kwana Uku a Yelwan Yawuri

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran gidan da aka haife ta da sunan mahaifinta ba, sai dai ta ce gidan bakin ruwa, kamar duk faɗin ƙasar Yawuri babu wani gida a bakin ruwa in ban da shi. Da saƙo ya iso mana Birnin Kebbi cewa wani attajiri ya taya gidan, kuma babban wanta yana neman yardar dukkan magada kafin a sallama, sai ta ce ƙafafunta ba za su jure zaman mota ba, ni zan je in tsaya a madadinta. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, wato kada in sa hannu a kowace takarda sai na taka iyakar filin da ƙafata, domin a saninta filin ya gangara har gindin wata tsamiya da suke wanki a ƙarƙashinta suna yara. Na tuna mata cewa ruwan tafkin madatsar Kainji ya cinye wannan wuri tun ban zo duniya ba. Ta dube ni ta ce: "Ruwa ya ci, na sani, amma ruwa ba magaji ba ne."

Na kama hanya bayan sallar asuba a ƙarshen watan Mayu, muka bi ta Kalgo da Jega da Maiyama da Koko, tafiyar kusan kilomita 200 a tsakanin manyan motocin da ke kai shanu da albasa kudu. Kafin azahar muka shiga Yelwa. Abin da ya fara tarbata shi ne warin kifin banda da ƙarar injinan jiragen ruwa, sannan wani ɗan acaba ya ratsa da ni lunguna har ƙofar gidan, ba tare da na faɗa masa komai ba sai sunan unguwa da cewa gidan mai tsohon zaure.

Rabona da gidan tun ina makarantar firamare, saboda haka sai na gan shi ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta, amma ya fi tsufa nesa ba kusa ba. Zauren ginin ƙasa ne na tubali, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, rufinsa na azarar giginya ne da aka jera a kan bakan gizo guda biyu masu haɗuwa a tsakiya, kuma hayaƙin fitilun shekaru ya mai da azarar baƙa wuluk. Da na shiga daga zafin bazarar waje sai na ji sanyi kamar na randa. Daga zaure zuwa ciki kuwa ginin ya zama haɗin gambiza: ga shigifar ƙasa da aka yi wa kwalliyar siminti, ga ɗakunan bulo masu rufin kwano da aka liƙa a jikinta, ga wani tsohon rumbu da ya koma ɗakin kaji. A bayan gida akwai wata ƙaramar ƙofa, wadda in ka buɗe ta sai ka ga ƙasa ta gangara, tsagaggen laka ya miƙe kusan tafiyar minti biyar, can gaba kuma ga ruwa yana ƙyalli, kwale-kwale suna ta kai da kawowa. A jikin katangar baya, daidai gwiwata, akwai wani zane mai duhu da ya zagaye ta, wanda Kawu ya ce nan ne ruwa yake tsayawa in tafki ya cika.

Kawu bai yi maganar ciniki ba sai da na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka yi la'asar. Daga nan ya sa aka ɗauko wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gadonsa, ya zaro takardu uku da aka naɗe cikin leda, ya shimfiɗa su a kan tabarma, ya ce: "Ga gidan nan gaba ɗaya, ɗan nan. Karanta, ku ne 'yan boko." Na yi murmushi a raina, domin na tuna cewa ba ni ne farkon wanda ya zo Yawuri neman takardu ba. A 1830 wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun zo wurin Sarkin Yawuri suna cigiyar takardun Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, wanda ya ratsa ƙasar a 1806 ya je ya halaka a duwatsun Busa. Su ba su sami abin da suka zo nema ba, ni kuwa ga nawa a gabana har uku.

Ta farko da Turanci take, an buga ta da keken rubutu, ta yi ja saboda tsufa, gefenta kuma gara ta ɗanɗana. Yarjejeniyar haya ce tsakanin wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da kaɗanya da magadan mutumin da ya gina zauren. Shi wannan mutumin, in ji Kawu, Banufe ne mai manyan jirage, wanda ya zo garin bayan Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa fadarsa a Yelwa a 1888, lokacin da fatake da masu sana'a suka riƙa kwararowa sabuwar hedikwatar. Dama Yawuri tsohon zango ne a kan hanyar fataken goro da ke tafiya Gwanja daga Kano da Katsina, kuma duk ayarin da ya zo sai ya nemi mai ƙetarar da shi Kwara, saboda haka wanda yake da jirgi da matsayar jirgi a ƙofar gidansa ba ya kwana da yunwa. Da ya rasu 'ya'yansa suka ba kamfanin hayar ɓangaren da ke bakin kogi, kamfanin ya gina sito mai daɓen siminti, ya kafa sikeli, ana loda buhuna a jirage ana gangarawa da su Jebba inda layin dogo yake. Abin da ya ja hankalina a takardar shi ne ba ta ce magadan ne masu ƙasar ba. Tun dokar ƙasa ta 1910 Turawan mulki sun ɗora dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, baƙo kuma ba ya riƙe fili sai da amincewarsa, don haka takardar ta ambace su a matsayin mazauna wurin kawai. Amma ta kwatanta filin da faɗi: daga hanya a gabas har bakin ruwa a yamma, da tsamiya a matsayin alamar iyaka ta kudu. Ashe tsamiyar mahaifiyata ta shiga takardar Bature.

Ta biyu da ajami take, rubutun alƙalamin kara da tawadar gargajiya, da hatimin alƙali a ƙasa. A nan ne kakana ya shigo labarin. Shi ɗan kasuwa ne mai sayen albasa da busasshen kifi a hannun mutanen tsibirai yana kaiwa kudu, kuma da farko ba sayen gidan ya yi ba. Ɗaya daga cikin jikokin Banufen bashi ya yi masa katutu bayan kamfanin ya tattara ya bar siton, sai ya ba kakana gidan jingina, a kan cewa duk ranar da ya kawo kuɗin zai karɓi abinsa. Shekaru suka shuɗe bai kawo ba. Kakana yana iya yin shiru ya ci gaba da zama, amma ya san jingina ba ta zama mallaka komai daɗewarta, kuma wata rana jikan jika yana iya sallama da kuɗi a hannu ya ce a fita. Saboda haka ya tara magadan Banufen gaban alƙali, ya cika musu kuɗi a kan na jinginar, aka rubuta saye da shaidu huɗu. Kawu ya karanta mini ita da kansa, yana bin layi da yatsa, domin ni ajamina bai taka kara ya karya ba. Kuɗin da fam da sule aka ambace su, tun da naira ba ta zo ba sai 1973. Wannan takarda ta fi ta farko ƙarfi, domin ta ce ƙarara wane ya sayar wa wane, sai dai filin da ta ambata ya ragu: wani yanki na arewa ya riga ya fita, an ba wata 'yar Banufen a rabon gado, yau ma gidan wasu ne daban.

Ta uku ita ce sabuwa, mai tambarin gwamnati da taswirar safiyo a liƙe, wato takardar shaidar mallaka da aka bayar bayan dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta bar wa mutane haƙƙin zama da amfani. A samanta an rubuta Jihar Sakkwato, domin ba a yanke Kebbi ba sai ranar 27 ga Agusta, 1991. Ita ce takardar da mai saye yake so, ita banki ya sani, ita kotu za ta fara tambaya. Ita ce kuma ta fi kowace rowar fili, domin layin safiyo ya tsaya cak a katangar baya, daidai zanen da ruwa ya yi. Sunan mutum ɗaya ne a kanta, na Kawu. Na ɗaga kai na dube shi, shi ma ya san abin da na gani, sai ya ce a lokacin an gaya masa fam ɗin ba ya ɗaukar sunaye da yawa, kuma shi ne babba. Ban ja maganar ba. Shekara da shekaru shi yake yaɓen zauren nan duk kaka, shi yake sauya indararo, shi yake kwashe iyali zuwa tudu in ambaliya ta yi ƙarfi kamar ta 2012 da ta 2020, kuma da ya so cin amana da bai aika a kira kowa ba. Duk da haka na kwana ina juya abin a raina, cewa takardu uku ne a jere, kowace ta fi wadda ta gabace ta ƙarfi a gaban hukuma, kowace kuma filin da ke cikinta bai kai na wadda ta gabace ta ba.

Washegari da hantsi na ce zan gangara in ga iyaka kamar yadda aka umarce ni. Kawu ya haɗa ni da mai unguwa, wani dattijo mai raha da ya riƙe takalmansa a hannu muka shiga lakar. Tun daga ƙofar baya ƙasar a nome take, kunya-kunya na masara da dankali, can kusa da ruwa kuma an yafa shinkafa. Mai unguwa ya bayyana mini yadda ruwan yake tafiya, abin da kowane yaro a Yelwa ya sani amma ni ɗan tudu ban sani ba. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na damunar ƙasashen nan kusa, wanda yake cika tafki daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso nan da sanyin hunturu ya riƙe tafkin a cike. Daga nan sai madatsar ta yi ta shan ruwan tana ba da lantarki, tafki ya yi ta ja da baya har damuna ta kankama. Saboda haka filin da nake takawa rabin shekara gona ne, rabin shekara kuma wurin jefa birgi ne.

Mun sami daɓen siton kamfani yana nan, ya tsattsage, katantanwa ta manne a gefensa, da wasu ƙarafa huɗu masu tsatsa inda sikeli ya zauna. Tsamiya kam babu ita. Ruwa ya kashe ta a shekarun farko, masunta suka sare abin da ya rage don kada ya riƙa yaga musu taru. Amma faffaɗan dutsen da ake wanki a kansa yana nan, ya yi sumul, kuma a kansa muka tarar da mai gonar yana gyaran fartanya.

Tsoho ne Bagunge, daga mutanen da suke kiran kansu Reshe, mazauna tsibiran Kwara tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Yelwa. Na gaishe shi, mai unguwa ya gabatar da ni a matsayin jikan mai gidan sama. Ya ce ya san mahaifiyata, ya ma faɗi sunan da ake tsokanarta da shi tana yarinya, wanda ban taɓa ji ba. Da na tambaye shi yadda aka yi yake noma wurin, bai ɗaga murya ba, kuma bai nuna alamar an tsokane shi ba. Ya ce: "Yaro, kakanka saye ya yi, ban musa ba. Wanda ya sayar masa gado ya ci, ban musa ba. To, shi Banufen wa ya ba shi?" A faɗarsa, wurin matsayar jiragen kakanninsa ce, inda suke fitowa daga gungu, wato tsibiri, su sauke albasa, su shanya kayan kamun kifi. Su ne suka ba wani Basarke, cikin masuntan da suka gangaro daga Kabi, aron gefe ya kafa bukka, kuma a hannun wannan Basarken Banufe ya sami wurin, da yardar fada, aka kai wa kakanninsa goro da ƙwaryar gishiri don a shaida an gaya musu. Ba a rubuta wannan ko'ina ba. Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce haka shi ma ya ji daga mahaifinsa.

Sauran labarin tsohon na madatsa ne, kuma a kansa ya fi daɗewa. An fara ginin Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taso ya shafe tsibirai da ƙauyuka da tsohon garin Busa, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Gungunsu yana cikin waɗanda suka nutse. Gwamnati ta gina musu gidajen bulo a tudu, nesa da irin ƙasar da suka saba, mutanen da suka gaji ban-ruwan albasa a bakin kogi aka ce su koma noman damuna. Yana saurayi a lokacin. Ya ce ya yi 'yan shekaru a sabon ƙauyen zuciyarsa ba ta zauna ba, har wata bazara ya zo Yelwa ya ga ruwa ya janye ya bar baƙar ƙasa mai taushi a bayan gidan kakana, ba mai taɓa ta. Ya shiga zaure ya yi sallama ya nemi izini. Kakana, wanda aka riga aka biya shi diyyar sito da itatuwan da ruwa ya ci, ya ce masa ya je ya noma, ai wurin ya zama na ruwa. Tun daga ranar duk shekara yana kai wa gidan kwandon dankali ko damin masara, har bayan rasuwar kakana bai fasa ba. Na tambaye shi ko wannan kwandon haya ce. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi dai gaisuwa yake kaiwa, in mutanen gida sun ɗauke ta haya, wannan su ta shafa.

Da yamma na kai wa wani tsohon alƙali da ya yi ritaya gaisuwa, aminin Kawu ne, na zayyana masa komai. Ya fara da abin da ba shi da gardama. Kakana ya bar mata biyu da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, don haka za a fitar da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, a ba matan ko magadansu, sauran a kasa kashi goma, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, sunan wanda ke kan takardar gwamnati kuwa ba ya soke wannan. Ya ƙara da cewa tun da ba a raba gidan ba, duk magajin da ya ga wani zai sayar da rabonsa ga bare yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin ya riƙe. Na ce: "Allah gafarta Malam, filin ƙasa fa?" Sai ya gyara zama. Ya ce a mazhabar Malikiyya wanda ya riƙe wuri shekara goma yana amfani da shi a matsayin nasa, mai shi yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to hauzi ya tabbata, sai dai hauzi ba ya hawa kan aro ko haya ko jingina. Don haka duk shari'ar tana rataye a kan kwandon dankalin nan: in haya ce, filin na magada ne, in gaisuwa ce, kuma maganar kakana kyauta ce ko sakin hannu, to tsohon ya fi shekara 50 a kai. Sannan ya tunasar da ni cewa kakana ya karɓi diyya, wanda ke nufin hukuma tana ganin ta riga ta fanshi wurin, ga kuma dokar 1997 da ta kafa hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar manyan hanyoyin ruwa irin Kwara. A lissafina masu da'awar wannan laka sun zama huɗu ke nan, ban da ruwan da ke zuwa ya kwanta a kanta wata shida ba ya neman izinin kowa.

A rana ta uku magada suka taru a zaure, wakilin mai saye ya zo da mota mai baƙin gilashi. Ashe abin da maigidansa yake so ba zauren ba ne, shi rushe shi zai yi. Masauki yake son ginawa mai kallon ruwa saboda baƙin da ke zuwa bikin tseren kwale-kwale na Rigata, da matakala har inda jirage za su tsaya, saboda haka yana son a rubuta masa cewa cinikin ya haɗa da duk abin da ke bayan katanga har bakin ruwa. Ƙananan kawunnaina biyu suka ce a rubuta, ai ba a rasa komai ba. Gwaggo, autar su mahaifiyata, ta yi magana daga bayan labule ta ce ba za a sayar da abin da mahaifinsu ya ce na ruwa ne ba. Da aka zo kaina na ce ni ɗan aike ne, sai na ji daga wadda ta aiko ni.

Na fita ta ƙofar baya na gangara har kan dutsen wankin, inda waya ta fi kamawa, na kira ta. Na gaya mata tsamiya babu, dutse yana nan, na gaya mata takardu uku da maganar alƙali da kwandon dankali, na kuma faɗa mata sunan tsokanar da tsohon ya tuna. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ta tambaye ni ko tsohon shi ne wanda yake da tabo a goshi, na ce shi ne. Ta ce shi ya tsamo ƙanensu daga ruwa shekarar da tafki ya fara cika, lokacin da yara ba su san inda tsohuwar gaɓa ta tsaya ba. Ta ce in gaya wa Yaya ta yarda a sayar da abin da ke cikin katanga in sauran sun yarda, amma hannunta ba zai hau takardar da ta ƙetare katanga ba.

Na koma zaure na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Wakilin ya ce sai ya koma ya shawarci maigidansa, domin gida ba tare da gaɓa ba kuɗinsa daban ne, ya tashi ya tafi ba a tsayar da rana ba. Kawu ya naɗe takardunsa ya mayar cikin adaka, bai ce na kyauta ba, bai kuma ce na ɓata ba, sai dai ya ce in yi sauri kada motar Birnin Kebbi ta cika. Ina ƙofar zaure ina saka takalmi wani yaro ya iso da buhun dankali rabi a ka, ya ce kakansa ya ce a kai wa Hajiya. Ɗan acaba ya ɗaure shi a bayan babur, muka nufi tasha.